Wutar daji ko gobarar daji? Mu tsaya a kan ɗaya

1/ Jama'a, musamman masu fassara labarai, ga wata magana da ya kamata mu daddale. Abin nan da Turawa ke kira wildfire, wani ya rubuta wutar daji, wani gobarar daji, wani ma a labari ɗaya ya haɗa duka biyun. Ni ina bayan gobarar daji, ga hujjata.

2/ In ka ce wa Bahaushe wutar daji, abin da zai faɗo masa a rai shi ne bayan kaka, ciyawa ta bushe, mafarauta sun cinna wuta don su fito da gafiya da zomo, ko manomi na ƙona sharar gona ta kuɓuce masa. Ɓarna ce, makiyayi ya san zafinta. Amma ba wanda zai ji kalmar ya kawo a ransa cewa gari guda ne ya ƙone.

3/ To ku dubi jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar 8 ga Nuwamban 2018 wayar wutar lantarki ta kamfanin PG&E ta tayar da wuta a arewacin jihar, cikin 'yan sa'o'i ta cinye garin Paradise. Mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone, daga baya kamfanin ya amsa laifinsa a kotu. A Janairun 2025 kuma Los Anjalas ce, unguwar Pacific Palisades da garin Altadena, gine-gine fiye da 16,000. Don Allah wannan ita ce za mu ba ta suna ɗaya da wutar mafarauta?

4/ Gobara kalma ce mai tafe da jaje. Lokacin da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, gobara kowa ya ce, aka yi ta Allah ya mayar da alheri. Wuta kuwa da ita ake girki, da ita ake jin ɗumi. Sai ta fi ƙarfin mutum ta ci dukiya ko rai sannan ake kiranta gobara.

5/ Wani malaminmu ya taɓa musa mini wannan, ya ce gobara ta gida ce da kasuwa, daji ba shi da mai shi. Allah ya gafarta Malam, a can Kalifoniya daji da gari sun riga sun cuɗe. An gina unguwanni a gindin duwatsu cikin ƙurmin busassun itatuwa, gidajen kuma yawancinsu na katako ne. Wutar ba sai ta tako ƙofar gida ba. Iska ce ke kwasar garwashi ta watsa shi can gaba a kan rufi da shinge, gida ya kama, ya ba maƙwabcinsa. A yankin Los Anjalas iskar sunanta Santa Ana, busasshiya ce mai fitowa daga hamadar cikin ƙasa ta nufi bakin teku, kusan hunturunmu, sai dai ta fi shi gudu nesa ba kusa ba. Ran da ta yi tsanani ko jiragen da ke zuba ruwa ba sa iya tashi.

6/ Saboda haka a raba su uku. Ƙunar daji ita ce wadda mutum ya sa da gangan. Wutar daji a bar ta ga wadda ke cin ciyawarta a dawa. Gobarar daji kuwa in ta kai ga rai, ko gida, ko dabbobi.

7/ Saura wildfire season. Wasu na cewa kakar gobara, tunda mun saba da kakar wasa. Kunnena bai karɓa ba. Kaka lokacin albarka ce, rumbu ya cika, ba na son a haɗa ta da masifa. Ban da haka, kakar wasa tana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Ita wannan fa? A Kalifoniya an saba tana tsananta a ƙarshen rani, kafin ruwan sanyi ya sauka, don su a lokacin sanyi suke samun ruwansu. Amma ta Los Anjalas a farkon Janairu ta tashi, sa'ad da ya kamata ƙasa ta jiƙe. Shekara biyu an yi ruwa sosai, ciyawa ta yi toho, sai kuma watanni suka shuɗe babu ruwan kirki, ta bushe ƙayau tana jiran tartsatsi. Lokacin gobarar daji ya ishe mu, ya fi tsawo amma bai yi wa mai karatu alkawarin ranar ƙarewa ba.

8/ Abin da ya rage mini shi ne sunan filin nan da ake sharewa ya raba ciyawa biyu don wuta ta rasa abin ci. A makiyayar Nijar, wajen Abalak da Dakoro, ana yin aikin bayan damina. 'Yan uwa na Nijar, da wane suna masu sharar suke kiransa a bakinsu? Ku kawo shi mu ɗauka, kafin wani ya ƙirƙiro mana nasa daga ofis.