A soke Majalisar Dattawa, a bar ta wakilai kawai?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ni fa a ganina a soke majalisar dattawan nan kawai, ta wakilai ta ishe mu. Sanata 109 ana ta zuba musu kuɗi, Shehu Sani da bakinsa ya faɗa a 2018 cewa naira miliyan 13.5 kowanne yake karɓa duk wata na gudanar da ofis banda albashi, alhali asibitocinmu ko sirinji sai ka siya. Senegal ta soke tata a 2012, ƙasar rushewa ta yi?

Hajiya ta Gwammaja: Ɗana, ɓarnar kuɗi kam akwai, ban musa ba. Amma a 2006 da Obasanjo ya so tazarce su wa suka kashe maganar? Sanatoci ne ƙarƙashin Ken Nnamani, kai tsaye aka nuna a talabijin, mu da muka kalla wallahi gabanmu faɗuwa yake har aka gama.

Na Kurna: Ni rabon kujerun ne yake ci min tuwo a ƙwarya. Kano ƙaramar hukuma 44, Bayelsa 8, amma kowa sanata uku!! A wakilai muna da 24 su suna da 5, to can ne ake adalci.

Malam na Ƙofar Mata: Ai da gangan aka tsara haka. A 1979 da aka ɗauko tsarin Amurka, wakilai bisa yawan jama'a, dattawa kuma kowace jiha daidai da 'yar uwarta don kada manya su danne ƙanana, lokacin ma biyar-biyar ne jihohi 19. Kuma kar ka kalli Bayelsa kaɗai, Gombe da Yobe ma da wannan suke da murya. Sannan su ne suke tantance ministoci da jakadu, Ibrahim Magu sau biyu suna ƙin amincewa da shi a matsayin shugaban EFCC duk da Buhari ne ya turo shi.

Ɗan Fagge: Malam da girmanka, wace tantancewa? Rabinsu cewa ake su rusuna su wuce, ko tambaya ɗaya babu.

Hajiya ta Gwammaja: To wannan a gyara, a rage alawus ɗin kuma. Sanata Barau Jibrin namu ne kuma shi ne mataimakin shugaban majalisar, waye cikinku ya taɓa kai masa wannan koken a rubuce?

Na Kurna: Hajiya ni dai har yanzu uku da uku ɗin nan bai kwanta min ba.