Gwajin na'urar sanyaya cip na kwamfuta: abin da aka tattauna

1. Kusan kowa ya yarda kada a fara da cip na gaske, tsadarsa ta isa. A dasa hita cikin dunƙulen jan ƙarfe, fuskarsa daidai girman cip ɗin, ya tsaya a madadin cip, a ɗora na'urar sanyayar a kansa. A ninka bolt da amfiya na wutar da ke shiga hitar, wat ɗin zafin da ake zubawa ke nan.

2. A naɗe gefuna da abin da ba ya ɗaukar zafi, in ba haka ba zafin ya sulale, lissafi ya yi ƙarya.

3. Man da ake shafawa tsakanin dunƙulen da na'urar sanyayar, da ƙarfin matse su, su zama ɗaya kowane gwaji.

4. A nan aka rabu. Wasu sun ce dunƙulen ya wadatar. Wasu suka ce sam, jan ƙarfe baza zafi yake, alhali cip irin H100 na kamfanin Nvidia mai wat 700 wani lungunsa ya fi wani ƙuna, don haka sai an sa ƙananan hitoci daban-daban. Ni ma can na karkata.