Royal Enfield Classic 350: na Ingila ne ko na Indiya?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana game da babur ɗin Royal Enfield Classic 350, wanda ƙirarsa ta yi kama da baburan zamanin Turawan mulki, amma aka ce mini sabo ne fil, kuma a Indiya ake yin sa. Yaya aka yi sunan Ingila ya koma hannun Indiyawa, kuma shin zai jure doguwar tafiya?

Malam Mai Nazari ya amsa:

Wa alaikumus salam. Asalin kamfanin na garin Redditch ne a Ingila, inda ya faro da ƙera allura da kekuna kafin ya fitar da babur ɗinsa na farko a 1901. Sunan kuwa ya samo shi ne daga masana'antar bindigogi ta gwamnatin Birtaniya da ke Enfield, wadda ya riƙa ƙera wa ƙananan sassa, shi ya sa ake ganin hoton igwa a tsohon tambarinsa. A 1955 aka kafa kamfanin Enfield India tare da wani kamfanin Indiya mai suna Madras Motors, bayan gwamnatin Indiya ta zaɓi babur ɗin Royal Enfield mai suna Bullet 350 domin sojojinta masu sintiri a kan iyaka. Da farko harhaɗawa kawai ake yi a Madras, wato Chennai ta yau, da kayan da aka kawo daga Ingila, daga baya suka koma ƙera komai da kansu. Masana'antar Redditch ta rufe a 1967, lokacin da baburan Japan suka fara cinye kasuwa, amma ta Indiya ba ta tsaya ba har kamfanin Eicher ya karɓe ta a 1994.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Ɗan'uwa, kada ƙirar ta ruɗe ka, wannan ba babur ɗin gudu ba ne. Injinsa silinda ɗaya ne mai cc 349 da ƙarfin doki kimanin 20, giyarsa biyar, nauyinsa kuma ya kusa kilo 195, don haka wanda ya saba da Boxer zai ji jiki ranar da ya tura shi cikin rairayi. A ganina ya fi daɗi tsakanin kilomita 80 zuwa 90 a awa, musamman wanda aka fitar daga 2021, da aka sake masa inji aka rage jijjigar da ke sa hannu sagewa. Idan da goyo da kaya za ka riƙa tafiya, gara ka dubi Interceptor 650 na wannan kamfanin, mai silinda biyu.

Malam Mai Nazari ya ƙara da cewa:

Gaskiyarka, ranka ya daɗe, sai dai juriya daban, gudu daban, domin da irin waɗannan baburan ake hawa tsaunukan Ladakh da ke arewacin Indiya duk shekara. Abin da ya kamata mai tambaya ya fara bincika shi ne kayan gyara da bakaniken da ya san injin, tunda sabon ba ya da kafireto, na'ura ce ke auna masa mai, kuma ba ya son gurɓataccen fetur.