Abin da munka tattara kan canza maganin ciwon damuwa

Salamu alaikum 'yan uwa, maganar da munka yi kan yadda ake barin wani maganin ciwon damuwa a koma wani ta yi tsawo, ga dai abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda kada mutum ya yanke magani lokaci guda da kanshi. Waɗanda sunka yanke magungunan damuwa irin su paroxetine ko venlafaxine sun ce jiri, tashin zuciya, rashin barci, wani lokaci kamar lantarki na fizgar kai, har mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo alhali jiki ne ke neman maganin.

2. Likita ka tsara canjin, ba mai kemis ba. 'Yan Gusau sun ambaci FMC (asibitin gwamnatin tarayya), wasu kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

3. Fluoxetine, shi ma maganin damuwa ne, yana daɗewa cikin jiki, shi ya sa in an bar shi, kafin a fara wasu magungunan sai an jira har sati 5. Nan ne anka fi jan kunne kan tramadol, haɗa shi da irin waɗannan magunguna na iya kawo zufa, rawar jiki, zazzaɓi da ruɗewa, in haka ta faru asibiti kai tsaye, don Allah kada a tsaya jiƙo.

Inda anka rabu: wasu an rage musu tsohon ana ƙara sabon a hankali, wasu an tsayar yau an fara gobe. Ni ina ganin ya danganta da maganin ne. An kuma yi gardama kan canzawa cikin azumi, mafi yawa sun ce a gaya ma likita tun kafin Ramadan.

Sabon yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi, kuma wanda tunanin kashe kansa ya zo mishi ya faɗa ma na kusa, a kai shi asibiti ranar.