Wace salansa zan sa wa mashin ɗina Suzuki V-Strom?

Abban Walid: Salamu alaikum 'yan uwa. Salansar V-Strom 650 ɗina ta fara tsatsa ta ƙasa, ina so in canja ta kafin tafiyarmu Damagaram bayan sallah. Wacce kuke ganin zan sa? Ba na son mai ƙara da yawa.

Ɗan Gaye: Ta kamfanin Akrapovič kawai oga, ka huta.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Tukuna dai, tukunyar baya kaɗai za ka canja ko har da bututun da ya fito daga inji? In duka ne to sai an taɓa kwamfutar mashin an daidaita mai, in ba haka ba iska za ta fi mai yawa, inji ya riƙa ɗaukar zafi, kana sakin totur yana ta tas-tas. Kuma naka na wace shekara ne? Tsofaffin nan tukunyar a haɗe take da bututun, sai an yanka kafin a ɗaura sabuwa.

Abban Walid: 2014 ne Baba.

Baba Makanike: To yanka ne. Ka nemi mai hannu, kada ka kai wa yaro.

Mai Ténéré: Alhaji don Allah kada ka sayi ta intanet ba ka riƙe ta a hannu ba. Ni wani ya turo min hoto, baƙa ce ta kabon da sitikar babban kamfani, kuɗin bai kai rabin na asali ba, na ce na tsinci dami a kala. A cikin gari daɗi, kowa sai ya waiwayo. Ranar da na hau hanyar Zariya na gane kurena, tunda ɗan ƙarfen nan da ke cikin bakinta mai rage ƙara ba ta zo da shi ba, ka riƙe gudu ɗaya na awa guda wani gurnani ne ke shiga cikin hular kwano har cikin ƙwaƙwalwa, na sauka a Kaduna kunnena yana ta shuuu har dare. Bai ƙare nan ba, zafinta ya narkar da gindin jakar gefe ya ƙona atamfar da na sayo wa uwargida. Daga baya kusoshin bakin suka saki, audugar ciki ta fice, kabon ɗin ya koma ruwan ƙasa. Tsohuwata ta kamfani na ɗauko a sito na mayar.

Sarkin Yawo: Atamfar ce ta fi ba ni tausayi 😂

Mai Ténéré: Kai dai bari, har yau ana yi min gori.

Ɗan Gaye: Wannan ai jabu ka saya, ba laifin ƙara ba ne. Ƙarar nan ita ke sa masu tirela su san kana tafe.

Malam Na Kwana Huɗu: Ƙarar baya take zuwa ɗan uwa, mai tirela yana gabanka gilas a rufe. Mu maƙwabta ne muke shan ta da asuba.

Ɗan Gaye: Malam ai kai da Boxer ka dace.

Malam Na Kwana Huɗu: Boxer ta kai mutane da yawa gida lafiya.

Baba Makanike: Ku bari mana. Alhaji, don tafiyar nesa ka nemi ta silba wadda ba ta tsatsa, ta fi jure faɗuwa da duwatsu, in ta tsage mai walda zai iya yi maka. Titaniyom ba nauyi amma tsada, kuma ba kowa ke iya waldarsa ba. Cikin kamfanonin salansa, Arrow da LeoVince na Italiya ne, Yoshimura na Jafan, ko 'yar Kwatano ka samu mai kyau ta isa, in dai da ƙarfen rage ƙarar a ciki.

Sarkin Yawo: Da wannan dalar? Ni a yi wa tsohuwar faci kawai.

Ɗan Maradi: Wai ta Maigatari za ku shiga ko ta Kongolam? Ku zo da takardun mashin cikakku fa.

Sarkin Yawo: Kongolam, sai mun tsaya cin fura a Daura.

Abban Walid: Jama'a maganar salansar fa?

Ɗan Gaye: Wa zai biya kuɗin furar?