Tambaya: Yarinyata ta daina ji bayan sanƙarau, na'urar kunne ce ta dace da ita ko dashe?

Baban yarinya, daga Gusau:

Assalamu alaikum. Ɗiyata mai shekara 4 ta yi fama da sanƙarau a bazarar nan, kuma yau mako biyar ke nan da sallamo mu daga asibiti. Jikinta ya yi sauƙi, alhamdulillahi, amma tun da muka dawo ba ta waiwayo idan an kira sunanta. Ko ranar da murfin tukunya ya suɓuce wa mahaifiyarta ya faɗi a bayanta, ba ta motsa ba. Na sayo mata na'urar ƙara ji a wani shago, na murɗa ta har ƙarshe, mu muna jin tsuwwarta daga bakin ƙofa, ita kuwa sai cire ta take yi ta jefar. Wasu sun ce in yi haƙuri jin zai dawo da kansa, wasu sun ce akwai wadda ake dasawa da tiyata. Ina roƙon masu sani su yi mini bayani.

Ma'aikaciyar gwajin ji, daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Kada ka zauna jira, kuma ga dalili.

Raunin ji iri biyu ne manya. Akwai wanda sauti ke kasa isa ciki saboda matsala a kafar kunne, ko dodon kunne, ko ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa. Wannan idan aka ƙara wa sauti ƙarfi ana samun biyan buƙata. Akwai kuma wanda ɓarnar ke can ciki, a katantanwar kunne, inda wasu ƙwayoyin halitta masu siraran gashi ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyin ne sanƙarau ke kashewa, kuma ba sa sake tsirowa. Idan ɓarnar ta yi tsanani, har sautin da ya kai desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) bai isa mutum ya ji ba, na'urar ƙara sauti ba ta da sauran amfani sosai.

Dashen katantanwa shi ne ke tsallake wurin da ya mutu. Ana sa wani ɓangare ƙarƙashin fata a bayan kunne, a zura siririyar waya mai ɗauke da ɗigogin lantarki 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera, cikin katantanwar, sai ta riƙa taɓa jijiyar kai tsaye; ɓangaren waje mai makirufo kuma maganaɗisu ne ke riƙe shi a fatar kai. Farfesa Graeme Clark ya yi irin wannan dashe a Melbourne ta Ostareliya tun 1978, don haka ba gwaji ba ne.

Abin da ke sa gaggawa shi ne, bayan sanƙarau ruwan da ke cikin katantanwa yakan fara daskarewa ya koma wani nama mai tauri, daga nan ya koma ƙashi, kuma wannan na iya farawa cikin makonni kaɗan. Idan ramin ya toshe, shigar da wayar kan yi wuya, sakamakon kuma ya ragu. Ka kai ta wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro a makon nan, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ko asibitin koyarwa mafi kusa da kai. Ka nemi gwajin ABR, mai auna yadda jijiyar ji ke amsa sauti, wanda ake yi yaro na barci ba sai ya amsa ba, tare da hoton MRI da na CT. Ka ajiye waccan ta shago, domin idan akwai sauran ji, ƙarar da ba a auna ba tana iya cutar da shi.

Tela, daga Maraɗi:

Malam, ina taya ka jimami. Tawa matsalar daban ce, amma na faɗa ramin da ka faɗa na sayen na'ura ba tare da gwaji ba. Kunnuwana na zubar da ruwa tun ina yaro, kuma duk sanda na toshe kafar da na'ura sai mugunya ta ƙaru, da wari da ƙaiƙayi. Da aka auna, sai aka ga katantanwata lafiya lau take, hanya ce ta lalace. Aka gwada mini mai aika sauti ta ƙashin kai, irin wadda aka fara dasawa a Suwidin a 1977, sai dai tawa a ɗamara take, tana matse ƙashin bayan kunne. Ranar farko na ji ƙarar almakashi a kan yadi, abin da na manta yana da sauti. Na kawo wannan ne don kada wani ya tallata maka irinta. Mai kurumtar sanƙarau ba za ta amfana da ita ba, tunda ita ma ga katantanwa take miƙa sautin.

Malamar makarantar kurame, daga Kano:

Na goyi bayan Hajiya ma'aikaciyar gwaji, amma ina so ka shiga wannan al'amari idonka a buɗe. Tiyata ba ita ce ƙarshen aiki ba. Sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake kunna na'urar, kuma sautin farko baƙo ne, wasu yaran kuka suke yi. Daga nan sai zirga-zirgar saiti da horon magana na watanni, ga kuɗin batir, ga wayoyin da ke tsinkewa, ga ƙurar hunturu da gumin bazara da ke shiga makirufo. Na ga yaron da aka yi wa dashe a ƙasar waje, ɓangaren waje ya lalace, ya shafe kusan shekara cikin shiru saboda iyayen ba su tambayi wanda zai gyara musu a gida ba. Ka yi wannan tambayar kafin ka biya ko sisi, ka kuma tambayi likita batun rigakafin cutar nimoniya da ake yi kafin dashe.

Ɗiyarka tana da sa'a ɗaya babba, wato ta riga ta iya magana kafin ciwon, ƙwaƙwalwarta ta san Hausa. Ku ci gaba da yi mata magana fuska da fuska cikin haske, ku bar ta ta yi ta surutunta. Ku kuma fara koyon maganar hannu tun yanzu, ku duka gidan. Ba ta hana koyon magana da baki, kuma ko an yi dashen, da dare idan an cire na'urar, da ita za ta gaya muku tana jin ƙishirwa.

Baban yarinya, daga Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire mata ta shagon, na kuma tattara takardun sallama da sunayen alluran da aka yi mata. Gobe da asuba, in Allah ya yarda, za mu kama hanyar Kaduna. Hajiya, shin ana hana yaro abinci kafin gwajin ABR ɗin, ko ta karya kafin mu fito?