Dumama ɗaki ta ƙarƙashin tayil: wa ya taɓa gwadawa a Jos?

Mai gini, Rayfield: Assalamu alaikum jama'a. An kusa zuba min daɓe, sai aka ba ni shawarar in sa abin dumama ɗaki a ƙarƙashin tayil kafin a rufe. Saboda tsohuwa ne, sanyin Disamba da Janairu yana tayar mata da ciwon gwiwa. Na waya ya fi ko na bututun ruwan zafi?

Uwargida, Bukuru: Wa alaikumus salam. Na waya gare mu, a banɗaki kaɗai. Raga ce mai waya a jiki, a shimfiɗa, a ɗora tayil. Cikin abin da bai kai awa ba ƙasa ta yi ɗumi, alwalar asuba ta daina zama yaƙi. Amma Alhaji, ranar da babu wuta, tayil ne kawai.

Mai wayarin, Dogon Dutse: Gaskiyar Hajiya. Irin wannan raga tana jan kamar wat 150 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da 3 ya tashi wat 1,800. Idan ya yi awa 5 yana ja, yunit 9 ke nan, da farashin wuta na rukunin Band A na Afrilun 2024, Naira 225 kowane yunit, ka ga Naira 2,025 a dare guda, ɗaki guda. Na'urar daidaita zafi tana ragewa, tunda kashewa take tana kunnawa. Batirin inbata kuwa kada ma a ɗora masa. Kuma duk wanda zai haɗa maka, ya sa na'urar da ke katse wuta idan ta zube, musamman inda ruwa yake.

Mai masauki, hanyar Bauchi: Ni na ruwa na sa a ɗakuna biyu. Ruwan ba ya wuce digiri 35 zuwa 45, tukunyar gas ke dumama shi, ƙaramin famfo yana zagayawa da shi, kuma wutar da yake ci kaɗan ce. Sai dai a kunna tun la'asar, domin siminti ba ya ɗaukar zafi da wuri, in ya ɗauka kuwa har hantsi bai sake ba. Abin da ya ƙona min rai, a ɗaki ɗaya ma'aikacin bai shimfiɗa soson da ke tare zafi a ƙarƙashin bututun ba, rabin gas ɗina ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen yake dumamawa. Gyara sai an fasa daɓe.

Uwargida: Ko ma dai wanne ne, ya fi a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Hayaƙin nan da ba a gani kisa yake.

Mai gini: Na gode. Ɗakin tsohuwa kawai zan yi, na ruwa. Malam mai masauki, kun gwada bututun kafin a zuba siminti?

Mai masauki: Dole. A cika shi da ruwa, a matse, a bar shi ya kwana, allurar awo ba ta sauka ba sannan a zuba. Ka ɗauki hoton yadda bututun ya bi, kada gobe kafinta ya kafa masa ƙusa.